Fitowar Ido Mai Tafe da Maƙoƙo: Nasiha ga Jama'a, Roƙo ga Likitocin Kano

Daga cikin cututtukan da Allah Maɗaukakin Sarki Yake jarrabar bayinSa da su, akwai waɗanda ke ɓuya a cikin jiki, mai su ya yi ta fama a asirce, ya shiga kasuwa ya fita babu wanda ya san halin da yake ciki. Akwai kuma waɗanda ke sauka a kan fuska, inda babu rigar da za ta suturta su, har ya zamana kowane mai wucewa ya mai da kansa mai fassara, ya yanke wa majinyaci hukunci tun likita bai ɗora masa hannu ba. Cutar da nake nufin yin magana a kanta tana cikin kashi na biyu, kuma duk wanda ya daɗe da zama a Rijiyar Lemo, ko kuwa yake bin Titin Katsina safe da yamma tsakanin Kurna da Fagge da kasuwar Sabon Gari, da wuya ya ce bai taɓa yin arba da mai ita ba: mace, galibi tsakanin shekara 20 da 50, wadda idanunta suka firfito, fatar idonta ta sama ta ja baya har fari ya bayyana a bisa baƙi, ka ga kamar tana zare maka ido cikin fushi ko firgita, alhali kuwa babu ko ɗaya a zuciyarta.

Idan ka bibiyi labarinta, sai ka tarar idon ba shi kaɗai ya zo ba. Watanni kafin nan ta fara ramewa ga kuma ci kamar ba ta ƙoshi, zufa na karyo mata ko da tsakiyar hunturu sa'ad da kowa ke neman bargo, gabanta na dukan uku-uku tana zaune wuri ɗaya, hannu na karkarwa, barci ya ƙaurace, al'adarta ta rikice, ga saurin fushi da kuka a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa kuma abin yakan taso ne a shekarar goyo, lokacin da kowa ke ɗauka wahalar jego ce. To, a nan ne masu fassara ke shigowa. Wannan ya ce shafar aljanu ce, wancan ya ce jifa ne daga ɗakin kishiya, wata ta ce kambun baka ne saboda kyawun da take da shi a da, mafi muni kuwa shi ne wanda zai rage murya ya ce a janye yara daga wurinta, gama irin wannan ido na mayu ne. Na san auren da ya mutu a kan haka, miji yana cewa matarsa ta zama mafaɗaciya mai harara, bai sani ba jinin jikinta ne ke tafasa ba da son ranta ba. Ina ganin wajibi ne a faɗa ƙarara cewa jifan mumina da maita a kan larurar da ba ita ta ɗora wa kanta ba ƙazafi ne kuma zalunci, wanda mai yin sa zai amsa tambaya a kansa gobe kiyama.

Alhali kuwa cutar sananniya ce wurin ma'abota ilmin likitanci tun zamani mai nisa. Masana tarihin wannan fanni sukan ambaci Sayyid Isma'il al-Jurjani, likitan ƙasar Farisa na ƙarni na 12, wanda ya wallafa babban kundin nan Zakhiratu Khuwarizm Shah, a matsayin wanda ya lura tun da wuri cewa kumburin wuya da fitowar ido sukan zo tare. Daga baya Robert Graves na birnin Dabilin ya bayyana ta a 1835, Karl von Basedow na ƙasar Jamus kuma a 1840, shi ya sa har yau likitocinmu ke kiran ta cutar Graves. Asalin lamarin shi ne, a gaban wuya, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, akwai wata 'yar halitta mai ɓari biyu da ake kira tayirod, wadda Allah cikin hikimarSa Ya ɗora wa aikin fitar da sinadarin da ke daidaita saurin aikin jiki gaba ɗaya, tun daga bugun zuciya har narkewar abinci. Garkuwar jiki kuwa, wadda aka halitta domin yaƙar ƙwayoyin cuta, wani lokaci takan ruɗe ta juya kan jikin da take tsaro, ta riƙa fitar da abin da ke zuga tayirod ta yi ta kwararo sinadarinta ba ƙaƙƙautawa, har ta kumbura ta zama maƙoƙo. Kitsen da ke bayan ido da tsokoki shida masu juya shi suna ɗauke da irin alamar da garkuwar ke nema a jikin tayirod, saboda haka su ma sai ta auka musu, su kumbura su tara ruwa. Tun da yake kuma kwarmin ido ƙashi ne ta kowane gefe sai ta gaba, cikinsa duka bai wuce kimanin mililita 30 ba, abin da ya kumbura ba shi da inda zai nufa face ya turo ƙwayar ido waje, ko kuwa ya matse jijiyar gani a can ƙurya inda take wucewa zuwa ƙwaƙwalwa.

Ya kamata a rarrabe wannan da maƙoƙon da iyayenmu suka sani, wanda rashin aidin a abinci ke haifarwa, wanda kuma ya ragu ƙwarai tun da Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri a 1993. Wancan ba ya fito da ido. Wannan kuwa ƙarin gishiri ba ya yi masa komai, aidin mai yawa ma yana iya ƙara rura shi. Cikin masu cutar Graves, wajen mutum ɗaya cikin uku ko huɗu ne abin ke taɓa wa ido a bayyane, waɗanda ganinsu ke shiga haɗari kuwa ba su wuce uku zuwa biyar cikin ɗari ba. Mata sun fi kamuwa nesa ba kusa ba, amma in ta kama namiji, musamman dattijo, takan fi tsanani. Akwai ma 'yan kaɗan da idon ke fitowa alhali awon jininsu daidai yake, ko kuwa tayirod ɗin tasu gazawa ta yi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sha'anin lokaci, domin a nan ne asararmu take. Likitoci, tun daga binciken Francis Rundle a 1945, sun tabbatar cewa wannan ciwon ido yana da zango biyu. Zangon farko shi ne na kumburi, ido ya yi ja, ya yi ta ƙwalla, yana zafi in an juya shi, fatarsa ta tashe da kumbure kowace safiya, kuma wannan yakan ɗauki daga wata shida zuwa shekara biyu. Sa'an nan wutar ta lafa da kanta, amma tsokokin da suka kumbura sun riga sun ƙandare, sun yi tabo, ido ya tsaya inda kumburin ya bar shi. Galibin maganin sha da na allura da aka sani yana amfani ne a zangon farko, mafi kyau ma cikin watanninsa na farko. In aka shiga na biyu, galibi babu abin da ya saura sai wuƙar likita. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ban san wata cuta da wannan magana ta fi dacewa da ita ba.

To, yaya muke ɓatar da waɗannan watanni masu daraja? Ido ya yi ja, sai a ce afolo ce, a aika yaro kyamis na bakin layi ya karɓo maganin ɗigawa. Mai kyamis, wanda ba shi da na'urar duba ido, ba a kuma koya masa ba, ya miƙo kwalba mai ɗauke da dekzametason ko ɗan'uwansa, jan ya ragu kwana biyu, a ce an dace, a ci gaba da ɗigawa wata da watanni. Wannan ɗigo ba ya isa bayan ido inda cutar take, amma yana iya haddasa hawan jinin ido da yana, in kuma akwai gyambo a kan baƙin idon da ba ya rufuwa, yana iya zurfafa shi har ido ya fashe ko ya bar hakiya. An tashi dillalan magani daga Sabon Gari da Malam Kato zuwa Dangwauro a 2024 domin a tsabtace cinikin, kuma abin a yaba ne, amma kwalbar da ake sayar wa talaka ba takardar likita tana nan a lungunanmu. Daga kyamis sai a wuce wurin mai magani a gefen kasuwa, a zuba ruwan wani ganye, ko nonon mai jego, ko kwallin da ba a san abin da aka haɗa shi da shi ba. Daga nan a tafi ruƙiya. Ba ni da ja a kan addu'a da ruƙiya ta shari'a, kuma babu musulmin da zai raina su, sai dai malamai magabata da na yanzu sun yi ittifaƙi cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma malami mai tsoron Allah, in ya ga wuya ya kumbura ido ya fito, shi ne farkon wanda zai ce a je a auna jini, ya raka da addu'a. Kafin a gama wannan zagaye shekara ta shuɗe, an sayar da akuya da keken ɗinki, sa'an nan a iso asibiti da idon da ya riga ya ƙandare.

Akwai abu guda da ke hannun majinyaci da mutanen gidansa, wanda ba ya cin ko kwabo, shi ne rabuwa da taba. Binciken da Prummel da Wiersinga suka yi a ƙasar Holan suka buga a 1993 ya nuna haɗarin wannan ciwon ido ga mashayin taba ya ninka na wanda ba ya sha fiye da sau bakwai, kuma an tabbatar daga baya cewa magani ba ya kama mashayi yadda yake kama waninsa. Na san matanmu ba su cika shan sigari ba, amma maigida yana busa musu ita a ɗaki, ga kuma shisha da ta shigo wa samari da 'yan mata a 'yan shekarun nan da sunan wayewa. Dokar hana yaɗuwar taba ta 2015 ta haramta sayar da ita kara-kara da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma kowa ya san abin da ke kan teburan bakin titi. Mijin da ya kashe sigarinsa saboda idon matarsa ya yi mata abin da ya fi kwalaben magani da yawa.

Game da magani kuwa, ina so mai karatu ya kwantar da hankalinsa, domin mafi yawan abin da ake bukata yana samuwa a Kano. Mataki na farko awon jini ne na tayirod, wato TSH da T4, sa'an nan a daidaita tayirod da ƙwayar kabimazol, wadda akan sha shekara guda zuwa shekara ɗaya da rabi, tare da furofanolol mai kwantar da bugun zuciya a farkon lamari. Sharaɗinta shi ne a riƙa komawa awo, domin in aka zarce har sinadarin ya yi ƙasa ainun, idon ƙara lalacewa yake yi. Wanda kuma yake shan ta ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, lalle ya dakata ya je a auna jininsa a ranar, gama a wasu 'yan tsiraru takan karya ƙwayoyin jini masu tsaro. Mai ciki ko mai neman ciki ta gaya wa likita tun da wuri, akwai wata ƙwayar da ake musanya mata a watannin farko. Maganin aidin mai tururin nukiliya, irin wanda ake bayarwa a Asibitin Jami'ar Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja, yana iya tsananta ciwon idon, musamman ga mashayin taba, saboda haka bai kamata a sha shi ba sai likitan ido ya duba ya sa baki. Ga wanda ciwonsa mai sauƙi ne, kuma su ne mafi rinjaye, ruwan hawaye na kwalba da rana, man ido da dare, ɗaga kai da matashi biyu, manne fatar ido da filasta in ba ta rufuwa cikin barci, da baƙin tabarau saboda rana da ƙurar hunturu da hayaƙin A Daidaita Sahu, sukan wadatar. Wani gwaji da likitocin Turai suka buga a 2011 ya nuna cewa seleniyam, mikirogiram 100 sau biyu a rana har wata shida, yana sassauta ciwo mai sauƙi ya hana shi gaba. Wannan kuwa ya shafe mu kai tsaye, domin Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sun ruwaito a 2015 cewa mafi yawan matan da suka duba masu ciwon zuciya na bayan haihuwa suna da ƙarancin wannan sinadari ƙwarai. Ya dace Jami'ar Bayero ta bi wannan sawu ta auna shi ga masu ciwon ido na tayirod.

Wanda ciwonsa ya yi ƙarfi kuwa, ana yi masa ƙarin ruwa na metilfirednisolon sau ɗaya a mako har mako 12, jimla giram 4.5, ƙarƙashin kulawar likita mai lura da hanta da sukari da hawan jini, kuma wannan magani ne da asibitocin koyarwa suka saba da shi. A Amurka an amince da wani sabon magani mai suna Tepezza a watan Janairun 2020, wanda ke mai da ido baya ba tare da tiyata ba, amma kuɗinsa ya haura dala 300,000 ga mutum ɗaya, yana kuma iya taɓa ji. Ban ga amfanin mu rataya zukatanmu a kansa ba alhali abin da ke kusa da mu ba mu ci moriyarsa ba. In cuta ta lafa, akan yi tiyata bi da bi: a fara faɗaɗa kwarmin ido, a gyara tsokoki domin a daina ganin abu biyu-biyu, a ƙare da fatar ido. Amma akwai alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya: gani ya fara dishi-dishi, ko launi ya dushe har jan abu ya koma kamar ya koɗe, ko fari ya bayyana a kan baƙin ido, ko ido ya ƙi rufuwa sam. Haka nan in ido ɗaya ne kawai ya fito, wajibi ne a ɗauki hoton cikin kwarmin, domin ƙari ma yana yin haka. Wanda zai je asibiti ya riƙe tsohon hotonsa, ko na katin zaɓe ne, domin idon wasu bisa halitta ya fi na wasu fitowa, kuma hoton jiya shi ne shaidar da ta fi taimakon likita.

Wata mas'ala da ake yawan tambaya ita ce ta azumi, domin akwai masu ajiye maganin ɗigawa duk watan Ramadan har ido ya bushe. A mazhabar Malikiyya abin lura shi ne isar abu maƙogwaro. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi kuma, a zamanta na Jidda a 1997, ta tafi a kan cewa ɗigon ido ba ya karya azumi matuƙar an kauce wa haɗiye abin da ya sauka. Danne kusurwar ido ta wajen hanci da yatsa minti ɗaya ko biyu bayan ɗigawa yana tare hanyar da ruwan ke bi ya sauka. Kowa ya tambayi malaminsa, amma kada ya yanke wa kansa hukuncin barin magani.

Yanzu sai in juya ga likitoci da hukuma, cikin girmamawa da sanin nauyin da ke kansu. Allah Ya yi wa Kano baiwar da garuruwa da yawa ba su samu ba. Asibitin ido na ECWA yana nan a Titin Mishan, daura da Sabon Gari, tun 1943, mutane na zuwa gare shi daga Nijar da Chadi; ga asibitin ido na Makka, ga Asibitin Murtala a cikin birni, ga Asibitin Malam Aminu Kano a Titin Zariya, wanda aka kafa a 1988, mai likitocin ido da na cututtukan sinadaran jiki da na tiyata a harabar guda. Amma cutar nan ta raba ƙafa tsakanin fanni biyu, majinyaciya kuwa ƙofa ɗaya take shiga: in ta je wurin likitan ido, hijabi ya rufe wuyan, kunya ta hana ta ambaton rama da rikicewar al'ada, layi kuma ya yi tsawo, in ta je wurin likitan tayirod, a duba takardar awo a rubuta ƙwaya, a ce ta nemi likitan ido, wanda ke nufin wani kati, wani layin asuba, wani kuɗin mota daga Rijiyar Lemo zuwa ɗaya gefen gari, da sake neman izinin miji. Da yawa a tsakanin ƙofofin nan biyu suke ɓacewa. Likitocin Turai sun fuskanci irin wannan, shi ya sa ƙungiyoyinsu suka rattaba hannu a kan wata yarjejeniya a Amsatadam a 2009, wadda manufarta ita ce a rage rabin lokacin da majinyaci ke ɓatawa kafin a gane cutarsa da kafin ya isa ga ƙwararru, suka kuma ƙarfafa zaman likitocin fannonin biyu a ɗaki guda. Wannan ba ya bukatar sabon gini ko na'urar miliyoyi. Rana ɗaya ce a wata, sananniya, wadda za a shelanta a Rediyon Kano da Freedom har mai talla ta san da ita. Ina roƙon hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ta sa awon tayirod da kabimazol cikin abin da take ɗauke wa talaka, a kuma koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocin Fagge cewa duk jan idon da ya wuce mako biyu, a tambayi mai shi game da rama da bugun zuciya, ma'aikaciya mace ta ɗaga hijabi ta taɓa wuya.

Limamanmu na Juma'a da malaman Islamiyyun matan aure, ku ne ake ji fiye da kowane likita, kuma minti biyar daga bakinku za su isa inda wannan jarida ba za ta isa ba. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, in akwai wadda ka sani a gidanku ko maƙwabtanku da idonta ya sauya cikin 'yan watannin nan, kada ka jira a gama zagayen kyamis da masu magani; ka nemi mijinta ko mahaifinta cikin ladabi, ka gaya masa a kai ta awon jinin tayirod da duban ido cikin wannan mako, in kuma kuɗin mota ne ya tsaya, ka biya.